Hannun Hagun 'Yar Baba

Da an yi la'asar, ƙarar babur ɗin Akawu ce ke riga shi shigowa gidanmu. Gidan haya ne, ɗaki uku a nan, uku a can suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ɗakina yana fuskantar nasa, keken ɗinkina kuma a bakin ƙofa yake saboda haske. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. A gabana aka yi shi, ina zaune da ɗinkin mutane a cinya.

Akawu ba mutumin banza ba ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawo, ban taɓa jin ya zagi matarsa ba. Aikin rubutu yake yi a wani ofis, kuma hannunsa na da kyau ƙwarai. Duk wanda ke neman aiki a layinmu, wurinsa yake kawo takarda ya rubuta masa. 'Yarsa ɗaya tal, shekararta shida. 'Yar Baba ake ce mata, don tun tana rarrafe ba ta yarda da kafaɗar kowa sai tasa.

Kafin a sa ta makaranta, a ɗakina take yini. Bakinta ba ya hutawa. Takan ɗauki guntun allin da nake zana yanka da shi, ta baje a kan siminti, ta kwaikwayi rubutun da ke jikin keke da na kwalin zare.

"Goggo, wannan mai ciki kamar na mai gidan haya fa?"

"Wannan ita ce D."

"Wannan mai ƙafa biyu fa?"

Ni karatuna bai wuce na rubuta awo da sunan mai kaya ba, amma abin da na sani na faɗa mata. Haka ta riƙe haruffa goma sha wani abu ba tare da kowa ya zaunar da ita ba. Da hagu take riƙe allin. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

A mako na biyu da shigarta makaranta aka ba su aikin gida. Akawu ya fito da ƙaramin tebur da kujera ya ajiye a ƙofar ɗakinsu, ya naɗe hannun riga.

"Zo nan, 'Yar Baba. Ni da kaina zan koya miki."

Ta zo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta hau kujerar, ta ɗauki fensir, ta fara.

"Tsaya. Wane hannu ne wannan?"

Ta ɗaga hannun ta duba shi, ta ƙyalƙyale da dariya. "Nawa ne mana, Baba."

Ni ma na yi dariya daga inda nake. Shi bai yi ba.

"Mayar da shi ɗaya hannun."

Ta mayar. Harafin da ya fito sai ka ce tsutsa ce ta bi ta kan takardar. Ta yi layi ɗaya da ƙyar, ba ta ma san lokacin da fensirin ya koma hagu ba. Ya ɗan buge mata yatsu da nasa yatsan. Ta sake dariya, tana zaton wasa ne.

A rana ta uku ya dawo da rula daga ofis, ta katako mai ƙarfe a baki.

Daga nan la'asar ta zama abin da ta zama. Zai zauna a gefenta da rular a cinya. Ita kuma ta duƙufa, harshe a waje, tana kokawa da fensir. Duk lokacin da hannun hagu ya ɗago, sai ka ji tas. Da farko in na ji ƙarar nakan tsayar da keke. Daga baya sai na koma ƙara masa gudu don kada in ji.

Wata safiya na sami uwarta a bakin famfo tana wanki. Yarinya ce ƙarama a kaina, ta yi makaranta har sakandare, ba ta da hayaniya.

"'Yar nan, rular nan ba ta yi yawa ba kuwa?"

Ba ta ɗago ba. "Goggo, ai so ne. Maza nawa ne a gidan nan suka taɓa buɗe jakar 'ya'yansu? Shi daga ofis ko ruwa bai sha ba yake zama da ita."

"Na ga bayan hannunta jiya."

"Na shafa mata mai. Kwana biyu ne za ta saba."

Ba ta saba ba. Hannun yana ɗagowa da kansa, kamar yadda ido ke ƙiftawa.

Ranar wata Litinin Akawu ya tsaya a ƙofata, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum.

"Goggo, ko za a samu wani ƙyalle mai ɗan tsawo, wanda ba kya buƙata?"

Na zaci babur zai goge. Na tona kwandon guntaye, na zaɓo masa mai ƙwari, gefen wani yadi shuɗi. Har tambayarsa na yi ko ya isa. Ya ce ya isa, ya yi godiya. Ina kallo ya ƙetare tsakar gida, ya kama hannun hagun 'yarsa, ya ɗaure shi a jikin kujera.

"Ba hukunci ba ne," ya ce mata. "Taimakonki nake yi, don kada ki manta."

Ta kalli ƙyallen, ta kalle ni. Ta san daga kwandon da ya fito, don ita ke tattara mini guntayen. Na sunkuyar da kai ina neman zaren da bai ɓata ba.

Abubuwa suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Ta fara juya haruffa, ta rubuta b a wurin d, ta rubuta uku tana kallon baya. In ya nuna harafi ya ce, "Mene ne wannan?" ba takardar take kallo ba, fuskarsa take kallo, tana neman amsar a can. In ta ga girarsa ta motsa, sai ta canza kafin ta ƙarasa. Shi kuma sai ya ce caca take yi masa da karatu.

Sai in'ina ta shigo. Yarinyar da ke cika mini kunne tun safe ta koma sai ta yi ta jan kalma ɗaya kamar an riƙe mata wuya. "Go-go-goggo" kawai kan ɗauke ta lokaci. Yaran gidan suka fara kwaikwayonta a bakin famfo, sai ta rage magana gaba ɗaya.

Sai ciwon ciki. Lafiya ƙalau za ta dawo daga makaranta, ta ci abinci, ta yi wasa da 'yar tsanarta. Da inuwar katanga ta kai bakin famfo, sai ta dafe ciki. Sau biyu tana amai da jin ƙarar babur. Akawu ya ce makirci ne na yaran da ba sa son karatu, ya sa a wanke mata baki a ɗora ta a kujera.

Wata rana ta shigo ɗakina a guje ta shige bayan labulen da nake rataye kayan mutane. Ƙafafunta kawai ake gani. Can sai ga sallamarsa.

"Goggo, tana nan?"

Ina iya cewa ban gan ta ba. Amma ƙafafun suna nan a fili, kuma in ya kama ni da ƙarya ita ce za ta biya. Haka na gaya wa kaina a lokacin.

"Tana nan," na ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta fito ta bi bayansa, tana miƙa masa hannun tun kafin su kai kujera.

Ƙarshen zango takardar sakamako ta zo. Malamarsu ta rubuta cewa yarinyar ba ta mai da hankali, kuma ta ja baya. Uwar ta je makarantar da kanta, ta dawo ta zauna a dokin ƙofata tana fifita da mayafi.

"Me malamar ta ce?"

"Ta ce yara saba'in da biyu ne a ajinta, ba za ta iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba. Wai ita ba ta taɓa hana ta rubutu da hagu ba. Amma da an ce a ɗauki fensir, sai ta tura hannun a ƙarƙashin cinya ta zauna a kai, ta yi ta kallon ƙofa har a tashi."

"To me ta ce a yi?"

"Wai mu ƙara matsa mata a gida."

Akawu ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya ninke ta ya sa a aljihu. Daga ranar darasi ya tashi daga awa ɗaya ya koma har magariba, aka haɗa da safiyar Asabar.

Uwar ta nemi tata dabarar. Kafin ya dawo sai ta ja yarinyar ɗaki, ta yi mata rabin aikin gidan da hannunta, tana karkata haruffan don su yi kama da na yaro. Kwana huɗu abin ya yi. A na biyar ya ɗaga littafin ya duba shi a haske.

"Wa ya rubuta wannan?"

Ya juya ya dubi uwar.

"Shekara goma sha biyar ina cin abinci da rubutu. Ni za a yi wa wannan wasan?" Bai ɗaga murya ba. Ya yage shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a kan tebur. "Ke ce ke kashe mini yarinya. Daga yau kada ki sake taɓa jakarta."

Ranar 'Yar Baba ta sake rubuta shafi biyar. Ta yi fitsari a kan kujerar, ba ta faɗa ba sai da ya gangaro ƙasa.

Washegari na tare shi yana goge babur. Na daɗe ina shirya maganar a raina, amma da na buɗe baki sai ta fito a gajarce.

"Akawu, yarinyar nan tana wahala. Bahaguwa ce, haka Allah ya yi ta. Ka bar ta ta rubuta da hannun da ya fi mata sauƙi mana."

Ya miƙe, ya goge hannunsa, ya yi murmushi.

"Goggo, na san don kina son ta ne. Amma duniya ba ta sauƙi ba ce. Gobe in ta shiga cikin mutane tana murɗe takarda tana rubutu a karkace, hannu duk tawada, ni za a zaga. Za a ce 'yar Akawu ce."

"Ai ta san haruffa tun kafin ta shiga makaranta. A ɗakina ta koya."

"Shi ne matsalar. An bar ta ta fara a karkace, yanzu ni nake gyara." Ya sake duƙawa kan babur ɗin. "Ke in kika yi yanka ya karkace, ai warwarewa kike yi ki sake, ko ba haka ba?"

Na so in ce masa yadi ba ya amai. Ban faɗa ba. Na koma kan kekena.

Da mahaifiyarsa ta zo ganin su, na sa rai ko ita za ta tsawata masa. Tsohuwa ce mai fara'a, ta kawo mini ɗinki, muka zauna hira. Na sako maganar a hankali. Sai ta kwashe da dariya.

"Wai hagun? Ai gado ta yi. Shi ma uban haka ya fito. Sai da marigayi babansa ya yi da gaske a kansa, shekara guda cur. Ya yi ta kuka, har ya daina ci. To yau fa? Wa ya kai shi rubutu a garin nan? Ki bar su, yaro ba ya mutuwa don rula."

Tun daga ranar na fara lura. Akawu da hagu yake ɗaure igiyar kaya a babur. Da hagu yake kama ƙofa in iska ta bugo ta. Da hagu yake riƙe rular.

Abin ya kai ƙarshe wata Asabar. Na fita sayen zare da hantsi, na bar su a kan tebur. Na dawo rana ta take, na tarar da 'Yar Baba ita kaɗai a kujera, inuwa ta daɗe da barin wurin. Gumi ya jiƙe mata riga. Babu babur a tsakar gida.

"Ina babanki?"

"An ki-ki-kira shi."

Na zagaya bayan kujerar. Ta yi ta jan hannun saboda zafi, ƙullin ya ƙara shigewa. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi-baƙi, ba ta iya lanƙwasa su.

Uwar tana tsaye a bayan labulen ɗakinsu, ido jawur.

"Tun yaushe?"

"Ya ce yanzu zai dawo. Ya ce kada a taɓa ta sai ta gama shafin."

"Tun yaushe, na ce?"

"An fi awa biyu."

Na ɗauko almakashi na datse ƙyallen. Sai da jini ya fara komawa yatsun sannan yarinyar ta ƙwala ihu, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba.

Muka kai ta ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau, da ganinta ita ma a gajiye take. Ta juya hannun, ta dubi shatin da ya zagaye wuyansa.

"Me ya same ta?"

"Ƙofa ce ta datse ta," in ji uwar.

"Ƙofa ba ta zagaye hannu, baiwar Allah."

Nas ɗin ta juyo gare ni.

"Ɗaure shi ake yi," na ce. "Don ta koyi rubutu da dama. Wata huɗu ke nan."

Nas ɗin ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba. Tana shafa magani tana magana, kamar wadda ta gaji da maimaita abu ɗaya.

"Da an ƙara awa ɗaya da ba wannan maganar muke yi ba. Ki gaya wa babanta, hagu ba cuta ba ce, ba a maganinta. Yaro ɗan shekara shida ba awa uku yake buƙata ba. Ki ɗora ta a cinya ki karanta mata labari, ki bi rubutun da yatsa tana gani. In ta ɗauki fensir da kowane hannu, ku ƙyale ta. In ta yi harafi ɗaya daidai, ku nuna kun gani. Minti goma ya isa. Yaron da ke jiran duka ba ya jin abin da ake koya masa, dukan kawai yake jira."

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, uwar ta juyo gare ni. Yarinyar na barci a kafaɗarta, hannu a naɗe da bandeji.

"Goggo, kin tona mana asiri a gaban bare."

"Hannun 'yarki ne ya tona."

"Ke yanzu ɗakinki za ki shiga ki ja labule. Ni ce zan zauna da shi."

Gaskiya ta faɗa.

Da yamma Akawu ya zo ƙofata. Ya yi mini godiya da na kai 'yarsa asibiti. Ya ce tsautsayi ne, mai gidansu na ofis ne ya riƙe shi, shi ma ransa ya ɓaci da ya ga hannun. Idonsa ya nuna da gaske yake. Sannan ya ce yana roƙon alfarma, kada yarinyar ta ƙara shiga ɗakina, don tana raba hankali, ana koya mata abu biyu.

"Kowa da yadda yake tafiyar da gidansa, Goggo. Ba raini ba ne."

Ya ba ta hutun mako guda har kumburin ya saɓe. Bai sake ɗaure ta ba. Ba a ma buƙata. Da ta hau kujera, hannun da kansa yake zagayawa baya ya kama katakon.

Watanni suka wuce. Ni da su sai gaisuwa. In 'Yar Baba za ta wuce ƙofata, sai ta bi ta jikin ɗaya bangon. Rular ta rage sauka, don rubutun ya fara miƙewa. Akawu zai rubuta layi ɗaya a saman shafi da kyakkyawan hannunsa, ita kuma ta kwafa har ƙasa, a hankali, tana danna fensir har yana huda takarda. Ba ta tambayar komai. Ba ta kallon kowa.

Wata Lahadi abokan aikinsa biyu suka kawo masa ziyara. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi. Hira ta yi daɗi, sai ya ƙwala kira.

"'Yar Baba, kawo littafinki baffanninki su gani."

Ta kawo, ta miƙa da hannu biyu, ta koma gefe ta tsaya. Suka yi ta buɗe shafuka suna jinjina kai.

"Kai! Wannan 'yar aji ɗaya ce? Ai ta fi wasu a ofishinmu."

"Da hagu ta fara," in ji Akawu. "Sai da na tsaya a kanta."

"Ai ka yi ƙoƙari. Irinku ake so." Mai maganar, wani dogo mai furfura a gemu, ya jawo ta kusa, ya ɗora yatsa a kan shafin ƙarshe. "To 'yata, karanta mana abin da kika rubuta."

Na san abin da ke shafin, don da safe na ji Akawu yana faɗa yana rubutawa. Cewa aka yi, "Ni yarinya ce mai son karatu." Sau ashirin ta kwafe shi.

Ta kalli layin. Ta kalli babanta. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito.

"Fara daga nan," in ji dogon. "Wannan harafin na farko, mene ne?"

Ƙirjinta sai hawa da sauka yake yi.

"Kunya ce," in ji Akawu, ya karɓe littafin ya rufe. "Haka take in ta ga baƙi. Je ki wurin mamanki."

Suka yi dariya, suka ce ai kunya ado ce ga 'ya mace, suka koma hirar ofis. Uwar tana bakin famfo da kofuna a hannu. Ruwa ya cika bokiti yana zuba a ƙafarta, ba ta kashe ba.

Washegari, bayan an tafi ofis an tafi makaranta, ta ɗaga labulena. Rabonta da ɗakin tun ranar asibiti. Ta zauna a kan buhun guntaye ba tare da na ce ta zauna ba.

"Goggo, na gwada ta da safe, ni da ita kawai. Na nuna mata harafi ɗaya-ɗaya. Ba ta san ko ɗaya ba. Zana su kawai take yi, kamar yadda ake zana fure. Har waɗanda ta sani a nan ɗakin, sun tafi."

"Kin gaya masa?"

"Na fara. Ya ce rubutu ne mai wuya, kuma an gama da shi. Karatu kuma zai fara mata wata mai zuwa, da tsari." Ta dube ni. "Da tsari, Goggo."

Ban ce mata na faɗa miki ba. Ni da na ba da ƙyalle, wane baki gare ni?

A layinmu har yau da Akawu ake misali. Mata na yi wa mazansu gori da shi, suna cewa ku dubi yadda yake zama da 'yarsa kullum. Kuma yana zaman, ba ƙarya. Ba a taɓa kiransa mugu ba, shi ma bai taɓa jin kansa mugu ba. Malama ta ba shi takarda, mahaifiyarsa ta ba shi hujja, matarsa ta shafa mai, ni na ƙara wa keke gudu. Mu biyar manya muka taru a kan yarinya ɗaya, muka karɓe mata abin da ta zo da shi da kanta, muka ba ta layi ashirin na rubutu mai kyau. Uban da bai taɓa buɗe jakar ɗansa ba kowa ya san laifinsa. Wanda ya buɗe ta da rula a hannu kuwa, sannu da ƙoƙari ake yi masa.

Ranar Laraba uwar ta dawo daga kasuwa da wani ɗan littafi mai hotuna, ta ɓoye shi a ƙasan ledar cefane. Da yarinyar ta dawo makaranta ta ci abinci, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsu. Akwai sauran awa biyu kafin la'asar.

"Zo ki ga wani abu."

'Yar Baba ta hango littafi ne, ta tsaya cak.

"Ba rubutu za ki yi ba. Labarin wata akuya ne da ta shiga mota. Ni zan karanta."

Ta matso taku biyu. Ta dubi ƙofar gida.

"Ba-baba ya sani?"

"Ni na sani. Zo."

Ta zo ta zauna a can bakin tabarmar, ba a cinyar uwar ba, hannuwanta duka biyu a ƙarƙashin cinyoyinta. Uwar ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa a kan layi. Kafin ta fara, yarinyar ta yi magana ƙasa-ƙasa, sai da na tsayar da keke sannan na ji.

"Mama, in kin gama, za-za a tambaye ni?"

"Ba wanda zai tambaye ki."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Uwar ta fara karantawa. Ta yi shafi uku yarinyar ba ta kalli littafin ba, kunnenta na kan titi. A shafi na huɗu, inda akuyar ta cinye tikitin direba, na ga ta ɗan karkato da kai ta saci kallon hoton. Wani babur ya wuce a waje, ba ma nasa ba. Ta miƙe zumbur ta tafi ta tsaya a gefen kujera.